Ba A Bauta Wa Allah Da Wutar Kara

  

Akwai wata ƙarya da ta yi kaka-gida a zukatan samarinmu da 'yammatanmu masu son addini, kuma abin takaici shi ne mafi yawansu daga bakin mutanen kirki suka ɗauko ta. Ƙaryar ita ce wai ma'aunin imanin mutum shi ne zafin da yake ji a ƙirjinsa. Idan yana jin kuzari, hawaye na zuba a salla, tsigar jiki na tashi in an karanta Alƙur'ani, to yana tare da Allah. Ranar da ya wayi gari jiki a mace, zuciya kamar busasshen ice, to shi ke nan, ko dai munafuki ne, ko an yi masa asiri, ko Allah Ya juya masa baya. Ina ganin wannan fahimta ta kori matasa daga masallaci da makaranta fiye da yadda fina-finai da ƙwallo suka kore su, domin kuwa fim daga waje yake jan yaro, ita ko wannan daga ciki take cinye shi, kuma da rigar taƙawa take zuwa.

Kowa ya san yadda abin yake gudana. A goman ƙarshe na Ramadan sahun tahajjud har kan titi, ana kuka ana shessheƙa. Kafin watan Shawwal ya raba, sahu biyu ba sa cika da asuba. Mu da muke koyarwa a Islamiyya muna ganin irin wannan a ajin hadda: farkon zango sai an ƙaro tabarmi, kowa da sabon Mus'hafi da sabon alƙawarin zai haddace cikin shekara guda, bayan wata uku kuwa sai malami ya riƙa kiran sunaye ana amsa masa da shiru. Waɗanda suka ɓace ɗin nan ba 'yan iska ba ne. Galibinsu su ne suka fi kowa ɗoki a farko. In ka yi kiciɓis da ɗayansu a hanya sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, wallahi ni dai ba na jin abin a raina kamar da." A ganinsa ya kawo uzurin da ba shi da amsa.

To yana da amsa, kuma tsohuwa ce. Wannan sanyin jiki da ke biyo bayan himma malamai suna kiransa fatra ko futur da Larabci (kada a rikita shi da fatararmu ta Hausa, wadda take ƙanwar talauci). A hadisin da Imamu Ahmad ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Amru ɗan Asi (RA), Manzon Allah (SAW) ya sanar da cewa babu wani aiki face yana da lokacin zafinsa, kuma babu wani zafi face sanyi na biye da shi. Sannan ya rataya shiriya da halaka a kan inda mutum ya faɗa lokacin da sanyin ya zo: wanda sanyinsa ya tsaya cikin iyakar sunna ya shiryu, wanda ya zarce zuwa wani abu daban ya halaka. Ka lura da kyau, ya ɗan'uwa. Ba a ce mumini na ƙwarai ba ya yin sanyi ba. An ɗauki zuwan sanyin a matsayin abin da babu makawa, kamar yadda manomi ya san rani zai biyo bayan damina, aka mayar da hankali kan abin da mutum ya tanada a rumbu. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a shekara ta 751 bayan hijira, ya tabbatar da wannan ma'ana a Madarijus Salikin, cewa masu tafiya zuwa ga Allah dole ne irin waɗannan lokuta su riƙa gifta musu.

Ko sahabbai ba su tsira ba. Imamu Muslim ya kawo labarin Hanzala (RA), ɗaya daga cikin marubutan Annabi (SAW), wanda ya fito yana tuhumar kansa da munafunci. Dalilinsa kuwa irin na yaran yanzu ne sak: idan suna gaban Manzon Allah yana tuna musu wuta da aljanna sai su ji kamar suna ganinsu da ido, idan suka koma cikin mata da 'ya'ya da neman abinci sai su manta da yawa daga ciki. Abubakar (RA) da kansa ya ce shi ma yana jin haka. Da suka kai maganar gaban Annabi (SAW) bai tabbatar musu da tuhumar ba. Ya nuna musu cewa da za su dawwama a kan wancan hali da mala'iku sun riƙa musafaha da su a kan hanya da kan shimfiɗa, amma ɗan Adam lokaci-lokaci ne. Idan Siddiƙu ya ji zafin wa'azi yana raguwa a zuciyarsa bayan ya bar majalisin da Annabi ne mai wa'azin, kai wane ne da za ka yanke wa kanka hukuncin halaka don zafin wani faifan minti biyu ya bar ka?

Yanzu bari in zo kan masu laifi, domin ba daga sama wannan ƙarya ta faɗo ba.

Na farko su ne wasu daga cikinmu masu wa'azi da masu jagorancin matasa, waɗanda suka mayar da tayar da tsimi shi ne dukkan aikin. Za a tara yara a sansani na kwana uku ko biyar, a hana su barci, a jero musu labarin wane da yake sauke Alƙur'ani a dare ɗaya da wane da ya shekara arba'in yana sallar asuba da alwalar isha'i, a gaya musu Imamu Nawawi darasi goma sha biyu yake ɗauka a yini. Sannan a sallame su ba tare da an gaya wa ko ɗaya daga cikinsu abin da zai yi ranar Talatar da zai tashi da ciwon kai, ga jarrabawa, ga layin ɗiban ruwa, ga wayar da ta cinye masa rabin dare. Yaro ya koma gida ya ɗora wa kansa azumin Litinin da Alhamis, da raka'a goma sha ɗaya kowane dare, da izu biyu a yini, da haddar shafi biyu, duk a mako guda. Kwana ashirin ba ya yi sai kayan su rufto masa. Kuma idan sun rufto ba nafilolin kaɗai suke tafiya ba, har da jam'in asuba da yake samu tun kafin a kai shi sansanin. Jakin da aka yi wa lodin raƙumi in ya durƙushe ba ya zaɓen kayan da zai zubar.

Ina ƙalubalantar masu wannan salo su nuna mini inda suka samo shi a tarbiyyar Annabi (SAW), domin abin da ke cikin Bukhari da Muslim kishiyarsa ne. Ya shiga masallaci ya ga igiya a ɗaure tsakanin ginshiƙai biyu, aka ce ta Zainab ce, tana riƙe ta in ta gaji da tsayuwa. Ya ce a kwance ta, mutum ya yi salla gwargwadon nishaɗinsa, in ya gaji ya zauna. Aka yaba masa wata mata a ɗakin A'isha (RA) cewa ba ta barcin dare saboda salla, sai ya tsawatar, ya yi umarni da a ɗauki abin da za a iya. Mutum uku suka raina ibadarsa, ɗaya ya ɗauki alwashin ba zai ƙara barcin dare ba, ɗaya ba zai ƙara shan ruwa da rana ba, ɗaya ba zai yi aure ba, ya mayar da su duka. Mafi bayyana shi ne Abdullahi ɗan Amru, saurayi mai jini a jika, mai azumi kullum da sauka kowane dare. Annabi (SAW) ya zaunar da shi suka yi ta ciniki, shi yana ragewa yaron yana neman ƙari: azumi uku a wata, sauka ɗaya a wata, har aka tsaya a kan azumin Annabi Dawuda da sauka a kwana bakwai. Da Abdullahi ya tsufa ƙarfi ya tafi, sai ya riƙa burin ina ma ya karɓi sauƙin da aka yi masa tayi. Wato dai babban Malami, da ya ga saurayi yana ci da wuta, rage masa itace ya yi. Mu kuma fetur muke ƙarawa, sannan mu zargi yaron in ya zama toka.

Ibnul Jauzi, wanda ya rasu a 597 bayan hijira, kuma shi kansa mai wa'azi ne da dubban mutane ke halartar majalisinsa a Bagadaza, ya buɗe littafinsa Saidul Khaɗir da wannan matsala. Ya kamanta wa'azi da bulala, wadda zafinta yake a lokacin da ta sauka, daga baya ya gushe. Ya ƙara da cewa mai sauraro a majalisi ya ajiye harkokinsa a waje, da ya fita sai su sake janye shi. Wannan maganar mutumin da ya san sana'arsa ce. To ina ga wanda ya mayar da bulalar abincinsa na safe da rana da dare? Yau matashi yana iya kallon gajerun wa'azozi talatin a TikTok ko WhatsApp kafin ya sauko daga gado, kowane ɗaya da sautin kuka a bayansa, kowane ɗaya yana girgiza shi na daƙiƙa sittin. Fatar da ake duka kullum kanta take yi. Sai ya zama yana neman malamin da ya fi tsawa, da labarin da ya fi ban tsoro, har ya wayi gari ya fi kowa sauraron wa'azi kuma ya fi kowa ƙarancin aiki. Yana tsammanin jin daɗin sauraron maganar tsayuwar dare wani yanki ne na tsayuwar dare.

Na biyu su ne 'yan kasuwar ruƙiyya. Ban musanta sihiri ba, ban musanta kambun baka ba, kuma ruƙiyya ta shari'a sunna ce, mutum ma zai iya yi wa kansa. Abin da nake yaƙa shi ne jerin alamomin da ake yaɗawa: wai idan kana jin nauyin salla, ko hamma na kama ka in ka buɗe Alƙur'ani, ko kana fara abu ba ka gamawa, to akwai aljani a jikinka. Da wannan ma'auni ai duk garin masu aljanu ne, har da mai ruƙiyyar. Yarinyar da ta kwanta ƙarfe biyu na dare tana hira a waya dole ta yi hamma a gaban Mus'hafi, babu wani Ifiritu a cikin lamarin. Cutar da ke cikin wannan fatawa ita ce tana cire alhakin daga hannun mutum ta miƙa wa wani abin da ba ya gani, sannan ta miƙa kuɗinsa ga mai sayar da ruwan tofi da turare. Ya zauna yana jiran a cire masa abin da ke hana shi, alhali abin da ke hana shi yana cikin aljihunsa a kunne.

Na uku su ne masu laccocin ƙarfafa gwiwa irin na zamani, waɗanda suka kwaso kayan littattafan Amurka suka yafa musu aya ɗaya ko biyu. Za su ce ka nemo abin da ke motsa ranka, ka yi mafarki babba, kuma wai kwana 21 sun isa a dasa sabuwar ɗabi'a. Wannan adadi asalinsa maganar wani likitan gyaran fuska ne ɗan Amurka mai suna Maxwell Maltz, wanda ya rubuta a 1960 cewa majinyatansa sukan ɗauki aƙalla kimanin haka kafin su saba da sabuwar kamarsu. Da aka gwada abin da gaske sai aka samu wani abu daban. Phillippa Lally da abokan aikinta a wata jami'a ta Landan sun bibiyi mutum 96 na tsawon mako 12, kowa ya zaɓi ƙaramar ɗabi'a yana maimaita ta kullum, aka wallafa sakamakon a 2009. Tsaka-tsakin lokacin da ɗabi'ar ta ɗauka kafin ta zama jiki kwana 66 ne, wani 18, wani kuwa lissafi ya nuna zai kai 254. Sun kuma lura cewa tsallake yini guda ba ya rushe ginin. Ba na kawo wannan don in kafa hujjar addini da shi ba, addini ya wadatu. Na kawo shi ne don ka gane cewa Ramadan kwana 29 ne ko 30, kuma kwanaki ne da gari duka yake tura ka. Wanda ya yi tsammanin wata guda ya riga ya sauya shi har abada, sannan ya karaya da ya ga ba haka ba, lissafinsa ne ya yi kuskure tun farko. Ainihin aikin a Shawwal da Zulƙida yake, lokacin da babu mai tura ka.

Sai mai laifi na huɗu, wanda shi ne kai da kanka, ƙanena, idan ka karɓi wata dabarar Shaiɗan mai kama da tsantseni. Za ka ce: ni ba na son ibadar da babu khushu'i, gara in bari sai zuciyata ta dawo, kada in zama mai riya. Har wani zai janyo maka ayar Suratun Nisa'i da ta siffanta munafukai da tashi salla cikin kasala. Ka koma ka karanta ayar har ƙarshe. Kasalarsu a haɗe take da nuna wa mutane, wato suna yi in ana kallo, su bari in babu ido. Wanda ya ja jikinsa da ƙyar cikin sanyin hunturu, babu mai ganinsa, babu daɗin da yake ji, ya fasa ruwan randa ya yi alwala, me ya haɗa shi da wannan siffa? Hasali ma cika alwala a lokacin da rai ba ya so yana cikin abubuwan da hadisin Muslim ya lissafa a matsayin masu kankare zunubi da ɗaga daraja, kuma mai karatun Alƙur'ani yana tuntuɓe yana shan wahala lada biyu aka yi masa alƙawari. Fudailu ɗan Iyadu ya lissafa barin aiki saboda mutane a cikin riya. An kuma ruwaito cewa Sabitul Bunani, almajirin Anas ɗan Malik, ya yi shekara ashirin yana fama da salla kafin ya yi wasu ashirin yana jin daɗinta. Daɗin a bayan aikin yake zuwa, in ya zo, kuma kyauta ce. Wanda ya ce sai ya ji daɗi zai yi sujada, ya kamata ya tambayi kansa ko Allah yake bauta wa ko daɗin.

Na san abin da za a ce mini. Za a ce Malam yana kashe wa yara himma, yana koya musu yarda da kaɗan, alhali al'umma tana buƙatar manyan mutane. To mu yi lissafi. Mus'hafin bugun Madina shafi 604 ne, galibin shafukansa layi 15. Wanda ya haddace layi biyar kacal a kowace rana zai kammala cikin kwana 1,812, wato ƙasa kaɗan da shekara biyar. Wanda ya ɗauki shafi biyu a rana ya yi mako uku ya ajiye yana da shafi 42, kuma mai layi biyar zai cim masa cikin kwana 126 ya wuce, ballantana ma shafi 42 da aka haɗiye da gaggawa aka bar su babu muraja'a ba sa kwana. Wane ne mai babbar himma a cikin su biyun? Gwanayen tsangayarmu da suke rubuta izu sittin da ka ba a sansanin kwana biyar aka ƙera su ba. Allo ne ake rubutawa a wanke, a sake rubutawa, shekara da shekaru, a ranar da ake marmari da ranar da ba a yi. Malaman zaure da layi uku ko huɗu suke biya wa almajiri, daga Ahalari zuwa Ishmawi zuwa Iziyya zuwa Risala, har wata rana ka gan shi riƙe da Mukhtasar. Ibnu Hajar ya fara Fathul Bari a 817 ya kammala a 842 bayan hijira, shekara 25. Shin akwai mai hankalin da zai ce duk safiyar waɗannan shekaru da zumuɗi ya tashi? Da aka tambayi A'isha (RA) game da aikin Annabi (SAW), sai ta siffanta shi da kalmar da Larabawa ke kiran ruwan da yake sauka a hankali ya daɗe bai ɗauke ba. Manomi ya san bambancin wannan da ruwan da ya zo da tsawa ya kwashe taki ya wuce. Maƙeri ma ba ya narkar da ƙarfe da kara, gawayin ƙirya yake nema, wanda ba shi da harshen wuta mai ban sha'awa amma yana riƙe zafi.

Abin da nake gaya wa ɗalibaina ba shi da ado. Tun kana cikin kuzari ka yanka wa kanka ƙasan da ba za ka sauka ƙasa da shi ba, kuma ka auna shi da mafi munin ranakunka. Farillai a kan lokaci, nisantar haram, wutiri ko da raka'a ɗaya, shafi ɗaya bayan kowace salla. Shafi biyar a yini sauka ce cikin kwana 121, sau uku a shekara, kuma mutum nawa ne cikin masu alwashin sauka duk mako suke samun uku a shekara? In kuzari ya zo ka ƙara yadda kake so, in ya tafi ka dawo ƙasanka ka zauna a kai, ba tare da jin ka ci amanar kowa ba. Kuma ka ɗaure aikin a jikin wani abu da ba ya jiran ra'ayinka, kamar sallamar liman ko ƙarfe huɗun makaranta ko abokin da zai ƙwanƙwasa maka ƙofa, domin abin da aka bar wa "in na samu lokaci" ya riga ya mutu.

Idan kuma ka tsallake, ka rama, kada ka yi zaman makoki. Wannan wuri ne da mutane da yawa suke faɗuwa: an rasa dare ɗaya sai a ce tunda an ɓata a bari sai wata Juma'a, sai farkon wata, sai Ramadan. A'isha (RA) ta ba da labarin cewa idan barci ko ciwo ya hana Annabi (SAW) sallar dare yakan yi raka'a goma sha biyu da rana, kuma a hadisin Umar (RA) wanda ya yi barci ya bar wuridinsa ya karanta shi tsakanin asuba da azahar ana rubuta masa kamar da dare ya karanta. Duka biyun suna cikin Muslim. Shari'ar da ta buɗe ƙofar ramuwa ta riga ta san za a rasa. Sannan ka duba zunubin da kake ɓoyewa, domin shi ma yana ɗaure ƙafa, ka duba kuma lokacin kwanciyarka, domin da yawa daga abin da ake kira raunin imani raunin barci ne.

Akwai wani nau'in sanyi da ya fi waɗannan ciwo, wato wanda mutane suke jawowa. Saurayi ya shiga harkar addini da zuciya ɗaya, sai ya ga malamin da yake girmamawa yana zagin wani malami a kan mumbari, ko ya ga rigimar kujera da kuɗi a cikin ƙungiya, sai gwiwarsa ta yi sanyi ya ce duk ɗaya ne, ya tattara ya koma. Ina tuna wa irin wannan labarin Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo, kamar yadda shi da kansa ya bayar a Tazyinul Waraƙat. 'Yan shekaru bayan fara jihadi a 1804, ya ga da yawa daga abokansa na gaskiya sun rasu, ya ga son mulki da dukiya ya fara shiga jama'a, sai ransa ya ɓaci har ya bar runduna ya nufi gabas da niyyar zuwa ƙasa mai tsarki. Da ya iso Kano mutanenta suka roƙe shi ya tsaya ya karantar da su. Ya tsaya, ya karanta musu tafsiri, ya rubuta musu Liya'ul Hukkam a kan yadda ake mulki da shari'a, daga bisani ya koma. Karayarsa ta gaske ce, dalilinsa ma na gaske ne, amma da ta tashi kayar da shi a kan littafi da almajirai ta kayar da shi. Wannan shi ne sanyin da ya tsaya cikin iyakar sunna. Kai da malaminka ya ba ka kunya, ina ka faɗa?

Dole kuma in keɓe wasu daga duk abin da na faɗa. Wanda ya yi makonni ba ya jin daɗin komai, ba ibada kaɗai ba, har abinci da hira da abin da ya saba so, barcinsa ya rikice, yana jin shi ba shi da amfani, ko tunanin mutuwa yana yawan zo masa, wannan ba kasala ce ke damunsa ba. Alamomin ciwon damuwa ne, kuma ciwo ne mai magani kamar hawan jini. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Maiduguri da Kware, akwai kuma likitocin wannan fanni a asibitocin koyarwa. Ƙarancin jini da wasu cututtukan jiki ma suna kawo mutuwar jiki irin wannan. Wanda ya cewa irin wannan bawan Allah imaninsa ne ya yi rauni ya ƙara masa dutse a kan kaya. A hadisin Abu Musa (RA) da ke cikin Bukhari, marar lafiya da matafiyi ana rubuta musu ladan abin da suka saba yi suna lafiya suna gida.

Maganata ta ƙarshe ga 'yan'uwana malaman Islamiyya ce. Idan yaron da ya ɓace wata uku ya sake leƙo ƙofar aji, ku sani ya sha kokawa da kunya kafin ya iso. Kada a tare shi da "ina aka shiga?" a gaban 'yan aji, kada a sa shi tsallen kwaɗo, kada a mayar da shi misalin masu ja da baya. A buɗe masa inda ya tsaya, a rage masa darasi zuwa rabin abin da yake ɗauka a da, ko da shi ne ya nemi a bar masa yadda yake. In ya ce zai iya shafi guda, a ba shi layi biyar, a ce ya kawo su gobe da la'asar.